Taɓin Hankali Gado Ne? Mu Tambayi Tagwaye

Ran nan da yamma, bayan an tashi daga aji, ina zaune a ofis ina duban littattafan shirin darasi na 'yan ajin ƙarshe, sai ga ɗaya daga cikinsu ya yi sallama. Ya shigo ya tsaya yana ta murza hula a hannu. Da ya ke na san shi yaro ne mai fara'a, ga shi yau fuska ba walwala, sai na ce ya zauna, na tambaye shi ko lafiya. Ya ce, "Lafiya lau, Malam, sai dai wata 'yar tambaya gare ni, amma ba ta cikin karatunmu ba ce."

Ashe akwai yarinyar da ya ke nema a garinsu, magana har ta kai ga manya. Da aka shiga binciken asali kamar yadda aka saba, sai aka tarar wata goggonta, ƙanwar ubanta, ta sami taɓin hankali tun tana budurwa, har yau kuwa bai sake ta ba. Mahaifinsa da jin haka sai ya ce a janye, wai hauka gado ne, ba ya so a shigo masa da shi cikin zuriya. Yaron ya dube ni ya ce, "Malam, kai ka ke koya mana kiwon lafiya da halayen yara. Don Allah gaskiyar Baba ne?"

Na ce masa wannan tambaya ta fi ƙarfin i ko a'a. Na yi masa alkawarin zan rubuta amsar a mujallarmu, don na san ba shi kaɗai abin ke ci wa rai ba. Ya yarda, muddin ban ambaci sunansa ba. To, ga cika alkawari.

Wane ciwo mu ke nufi?

Mu Hausawa duk wanda hankalinsa ya gushe sai mu ce ya haukace, mu zuba kowa da kowa cikin kwando ɗaya. Likitoci kuwa sun rarraba abin gida gida. Akwai wanda su ke kira sikizofireniya, shi ne ke sa mutum ya riƙa jin muryoyi alhali ba mai magana, ko ya tabbata a ransa ana bin sa za a hallaka shi, ko zancensa ya wargaje, ya janye daga cikin mutane. Yawanci yakan fara ne tsakanin ƙarshen ƙuruciya da shekara 30, a cikin mutum 100 kuma wajen mutum 1 ne ke gamuwa da shi a tsawon rayuwa. Akwai baifola, mai ɗaga mutum sama na wasu makonni, ba barci sai surutu da ɓarnar dukiya, sa'an nan ya jefa shi cikin baƙin ciki. Akwai kuma ciwon damuwa mai tsanani, mai hana ci da barci da aiki. Ruɗewar da zazzaɓi mai zafi kan kawo daban ta ke, farfaɗiya kuwa ba hauka ba ce sam. Mafi yawan abin da zan faɗa a kan sikizofireniya ne, don shi aka fi bincikawa, shi kuma aka fi tsoro wajen aure.

Gado iri biyu ne

Kalmar nan "gado" tana da ruɗi. Mukan ce wane ya gaji tsawon ubansa, mukan kuma ce ya gaji ƙira ko wanzanci, amma ai ba ɗaya ba ne. Tsawo a jini ya zo, ƙira kuwa a maƙera aka koye ta. Ɗauki jaririn maƙerin Kano ka kai shi gidan masunci a Lakwaja a rene shi can. Zai tashi da hancin ubansa, amma bai san yadda a ke riƙe masaba ba, sai dai jan taru.

Saboda haka in mun ga ciwo ya kama uwa ya kama 'ya, wannan kaɗai bai isa hujja ba. Gida ɗaya su ke, tukunya ɗaya su ke ci, wahala ɗaya ta same su. Ta yaya za a raba abin da jini ya kawo da abin da zama ya kawo? Ba dama a ɗauki 'ya'yan mutane a yi gwaji da su kamar irin masara a gonar makaranta. To, sai masana suka lura akwai gwajin da ke yin kansa kullum a ɗakin haihuwa, watau tagwaye.

Tagwaye iri biyu ne. Akwai na ƙwai ɗaya, waɗanda ƙwan uwa guda ne ya sami shigar ciki, sa'an nan ya rabu biyu tun farko. Su ne masu kamar nan da har uwarsu kan ɗaura wa ɗaya zare a hannu don ta bambanta Hassan da Husaini. Ƙwayoyin gadon da ke jikinsu, watau 'yan umarnin nan na halitta da kowa ke karɓa rabi daga uwa rabi daga uba, kusan duk iri ɗaya ne. Akwai kuma na ƙwai biyu, waɗanda zaman ciki ne kawai ya haɗa su. Su kamar wa da ƙane su ke, rabin gadon suka yi tarayya a kai. Duk inda ka ga Hassan da Hassana, mace da namiji, to, na ƙwai biyu ne.

Ga dabarar. Iri biyun nan duk ciki ɗaya suka kwanta, rana ɗaya aka haife su, gida ɗaya suka tashi. Abin da ya bambanta su shi ne yawan jinin da suka haɗa. Sai a nemo tagwayen da ɗayansu ke da ciwo, a duba ɗan'uwan. In zama ne kaɗai ke kawo ciwon, za a tarar iri biyun ba su da bambanci. In jini na da hannu, na ƙwai ɗaya za su fi yawan kamuwa tare. In kuwa jini ne kaɗai ba wani abu, to, duk sa'ad da ciwo ya kama Hassan na ƙwai ɗaya, tilas ya kama Husaini, 100 bisa 100. Ku riƙe wannan ma'auni na uku, za mu komo gare shi.

Abin da aka ƙidaya

Wani mutumin Ingila, Francis Galton, shi ya fara jawo hankali ga amfanin tagwaye a wannan fage cikin 1875. A 1924 wani likitan fata a Jamus, Hermann Siemens, ya gwada iri biyun da juna, har ya ƙidaya tawadar Allah da ke jikinsu. A 1928 kuma Hans Luxenburger ya auna dabarar a kan masu sikizofireniya a birnin Munik.

A 1946 Franz Kallmann ya bi asibitocin jihar New York ta Amurka, ya tara labarin iyalan tagwaye 691. Ya ce a cikin na ƙwai ɗaya, in guda na da ciwon, to, sau 86 cikin 100 ɗan'uwan ma yana da shi ko zai same shi, na ƙwai biyu kuwa wajen 15. Wannan lissafi ya daɗe cikin littattafan makaranta, amma daga baya aka gane ya yi yawa. Marasa lafiyar da ya samu su ne waɗanda ciwo ya fi tsananta gare su, na kwance a asibiti. Shi da kansa kuma ya ke yanke wane ne mai ciwo, alhali ya san irin tagwayen da ke gabansa. Mai neman abu kuwa idonsa kan nuna masa shi fiye da yadda ya ke.

Ƙasashen arewacin Turai suna da wata al'ada mai amfani, suna rubuta kowace haihuwa da kowace kwanciya asibiti. Can sai aka iya bin tagwayen ƙasa gaba ɗaya. A 1963 Pekka Tienari na Finlan ya sami tagwayen ƙwai ɗaya ciki 16, watau mutum 32, waɗanda a kowane ciki ɗaya na da ciwon. A lokacin bai tarar da ko ɗaya da ɗan'uwan ya kamu ba, ko da ya ke wasu sun kamu daga baya. A asibitin Maudsley na Landan kuma Irving Gottesman da James Shields suka yi wata hikima. Suka rubuta labarin kowane mutum, suka ba masana 6 su yanke ko yana da ciwon, ba tare da sun san ko wane irin tagwaye ne ba. Abin da suka buga a 1972 shi ne wajen rabin na ƙwai ɗaya sun kamu tare, na ƙwai biyu kuwa wajen 1 cikin 10.

A 1991 Gottesman ya tattara binciken Turai na shekaru da yawa, ya fitar da jerin nan. Kowace lamba tana nuna mutum nawa cikin 100 ke kamuwa da sikizofireniya, gwargwadon kusancinsu da mai ciwon:

Jama'ar gari gaba ɗaya, 1.
Ɗan baffa ko ɗan kawu, 2.
Ɗan wa ko ɗan ƙane, 4.
Jika, 5.
Ɗan'uwan da aka haɗa uba kaɗai ko uwa kaɗai, 6.
Ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, 9.
Ɗa ko 'ya, 13.
Ɗan tagwayen ƙwai biyu, 17.
Ɗan tagwayen ƙwai ɗaya, 48.

A 2018 aka buga wani babban bincike daga Danmak, wanda ya bi tagwaye ciki fiye da 31,000 da aka haifa tsakanin 1951 da 2000. Shi ya sami 33 cikin 100 ga na ƙwai ɗaya, 7 ga na ƙwai biyu. Baifola ma haka ya ke, don a wani bincike na Maudsley a 2003 an sami 40 ga na ƙwai ɗaya, wajen 5 ga na ƙwai biyu.

To, kun ga duk inda aka ƙidaya, yadda jini ya matso haka lamba ke hawa. A nan dattawanmu sun yi gaskiya, jini na da hannu.

Rabin da bai kamu ba

Yanzu mu komo ga ma'aunin nan na uku. Ina 100 bisa 100? Babu. Ga mutum biyu, ƙwayoyin gado ɗaya, ciki ɗaya, nono ɗaya, ɗaya ya kamu, ɗaya ya yi aure ya yi sana'a ya tsufa lafiya lau. Wannan kuwa shi ne abin da ya fi aukuwa, rabi ko fiye da rabi. In da ciwon kansa a ke gada kamar yadda a ke gadon launin ido, da hakan bai yiwu ba.

Akwai wasu 'yan huɗu mata da aka haifa a Amurka a 1930, duk daga ƙwai ɗaya. Masana sun ɓoye sunansu na gaskiya, suka laƙaba musu Genain. Kafin su cika shekara 25 duk huɗun sun kamu da sikizofireniya, aka kai su cibiyar binciken lafiyar hankali ta ƙasar, David Rosenthal ya fitar da littafi a kansu a 1963. Mai jin wannan sai ya ce to ai magana ta ƙare. Amma ciwon bai kama su daidai ba. Ɗaya ta yi aiki, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya biyu. Wata kuwa ko makarantar sakandare ba ta gama ba, ta yi shekaru da yawa a asibiti. Gidan da suka tashi kuma gidan azaba ne, ubansu mugun mutum ne mai tsananta musu, ba kuma riƙo ɗaya aka yi wa huɗun ba. Watau ko a inda jini ya fi nuna ƙarfinsa, zama bai rasa ta cewa ba.

Wani zai ce, "Malam, ai tagwaye masu kama ɗaya riga ɗaya a ke ɗinka musu, aji ɗaya a ke sa su, tare a ke kiransu. Watakila wannan ne ya sa su ke kamuwa tare." Wannan suka ce mai ma'ana, masana kansu sun yi ta. Don su warware ta sai suka juya ga 'ya'yan riƙo. A 1966 Leonard Heston ya bi sawun mutum 47 a jihar Oregon ta Amurka, waɗanda iyayensu mata ke da ciwon, aka raba su da su tun suna 'yan kwanaki. Mutum 5 daga cikinsu sun kamu. A cikin wasu 'yan riƙo 50 waɗanda iyayensu ba su da ciwon, ko ɗaya bai kamu ba. Ashe abin na bin yaro ko da bai taɓa zama da uwarsa ba. Amma ku lura, 42 daga cikin 47 ɗin ba su kamu da shi ba.

A 1989 Gottesman da Aksel Bertelsen suka duba 'ya'yan tagwayen Danmak. A wajen na ƙwai ɗaya, 'ya'yan mai ciwon da 'ya'yan ɗan'uwansa mai lafiya duk lambarsu ɗaya, wajen 17 cikin 100. A wajen na ƙwai biyu kuwa, 'ya'yan mai lafiyar wajen 2 ne kacal. Ma'anar wannan ita ce mutum na iya ɗauke da irin a jikinsa har ya mutu bai tsiro ba. Abin da a ke gada saurin kamuwa ne, kamar busasshiyar ciyawa da ke jiran tartsatsi. In tartsatsi bai faɗa ba, ba gobara.

Ma'anar kashi 79

Masu binciken Danmak na 2018 sun ce rabon gado a sikizofireniya kashi 79 ne cikin 100. Na ciwon damuwa mai tsanani kuwa, a wani lissafi da aka tattara a shekarar 2000, wajen kashi 37 ne. Irin wannan lamba ita ce ta fi ruɗa mutane in sun gan ta a jarida. Ba ta nufin ɗan mai ciwo zai kamu sau 79 cikin 100, don mun riga mun ga lambarsa 13 ce.

Bari in ba ku misali daga gona. Ka sami irin dawa gauraye, ka shuka a fili mai laushi wanda ka ba taki daidai ko'ina. Da kaka wani kara ya fi wani tsawo. Tun da ƙasa ɗaya ce, kusan duk bambancin daga iri ya ke. Ka ɗebi wannan iri dai ka shuka a wata gona, rabinta fadama rabinta tsakuwa. Yanzu yawancin bambancin daga ƙasa ya ke. Iri bai sāke ba, amma lissafi ya sāke. To, haka lambar nan ta 79 ta ke. Tana magana ne a kan bambancin da ke tsakanin jama'ar wata ƙasa a wani zamani, ba ta yanke wa mutum guda hukunci. Abin da ya sa ta yi yawa kuwa, 33 cikin 100 ga na ƙwai ɗaya ya ninka na jama'ar gari wajen sau 30.

Kada kuma a haɗa wannan da ciwon sikila, wanda yanzu a ke gwajin jini dominsa kafin aure. Sikila ƙwayar gado guda ce ke kawo ta. In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da rabon 1 cikin 4 na haihuwar mai SS, lissafi a fili. Sikizofireniya ba haka ba ne. A 2014 masana sun gano wurare 108 cikin ƙwayoyin gadon ɗan Adam masu alaƙa da shi, a 2022 suka kai 287, kowane wuri kuma tasirinsa ɗan ƙanƙane ne. Kowannenmu, da ni da ku da mahaifin ɗalibin nan, yana ɗauke da wasu daga ciki. Sai sun taru da yawa a jikin mutum guda haɗari ke ƙaruwa. Don haka ba wani gwajin jini da za a yi wa amarya ko ango a ce wannan zai kamu, wannan ba zai kamu ba. Don haka kuma wajen 9 cikin 10 na masu ciwon, uwa da uba masu lafiya ne suka haife su.

Ina tartsatsin ya ke?

An gano wasu daga cikin abubuwan da ke tayar da irin. Na farko wahalar ciki da ta haihuwa. A lokacin sanyin 1944 zuwa 1945, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, an yi mummunar yunwa a yammacin Holan. Yaran da aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar, da suka girma ciwon ya same su wajen ninki biyu na sauran. An sake ganin haka bayan yunwar ƙasar Sin ta 1959 zuwa 1961. Doguwar naƙuda da ke hana jariri samun iska ita ma tana ƙara haɗari.

Na biyu tabar wiwi. A Suwidin an bi samari fiye da 45,000 da aka ɗauka aikin soja, har shekara 15. Sakamakon da aka buga a 1987 ya nuna waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 sun kamu wajen ninki 6 na waɗanda ba su taɓa sha ba.

Na uku irin gidan da yaro ya tashi. Tienari ɗin nan na Finlan ya yi shekaru yana bin 'ya'yan riƙo waɗanda iyayensu mata ke da ciwon. A 2004 ya nuna waɗanda suka faɗa gidajen rikici da tsangwama, wajen 37 cikin 100 sun sami ciwon ko wani abu mai kama da shi. Waɗanda suka sami gidajen natsuwa kuwa wajen 6 ne, kusan daidai da 'yan riƙon da ba su da wannan gado. Watau riƙo mai kyau ya zama musu garkuwa.

Akwai kuma gargaɗi ga duk mai son ya tsarkake zuriya ta hanyar ware mutane. A Jamus, cikin Yuli 1933, gwamnatin Hitler ta kafa dokar hana masu taɓin hankali da wasu nakasassu haihuwa, da goyon bayan manyan masana irin su Ernst Rüdin. An yi wa mutum wajen 400,000 aikin hana haihuwa da ƙarfi, kafin ƙarshen 1941 kuma an kashe marasa lafiya fiye da 70,000. Bayan yaƙi ciwon ya ci gaba da bayyana a Jamus kamar ko'ina, don yawancin masu shi daga gidajen masu lafiya su ke fitowa. An yi zalunci, ba a kuma kai ga biyan bukata ba.

Amsata ga ɗalibina

To, ɗana, ga abin da zan ce maka. Baba bai yi ƙarya ba da ya ce jini na da hannu, binciken asali kuma ba laifi ba ne. Inda lissafinsa ya zarce shi ne girman haɗarin. Ko da ciwon goggon sikizofireniya ne, yarinyar nan 'yar wa ce gare ta, lambarta 4. Watau cikin 'yan mata 100 masu irin wannan goggo, 96 ba abin da zai same su. 'Ya'yan da za ta haifa kuwa, muddin ita tana lafiya, sun ƙara nisa da taki guda, lambarsu ta kusa da ta ɗan baffa, wajen 2. In ka bar ta ka auri wadda ba a ji komi a danginta ba, lambar ba ta koma sifiri ba, wajen 1 ce. Tsakanin 1 da 2 cikin 100 a ke shirin raba ku. Da uwa da uba ne duk su biyu ke da ciwon, da magana ta sha bamban, don a nan lambar 'ya'ya takan haura 40 a jerin Gottesman, sai a nemi shawarar likita tun kafin a ɗaura.

Ku kuma sauran 'yan'uwa masu shirin fita koyarwa, wannan magana ta shafe ku fiye da yadda ku ke zato. Shekarun da ciwon ke fara nuna kai su ne shekarun manyan ɗalibanku. In kun ga yaro mai ƙoƙari ya fara janyewa daga abokai, ya daina wanka, ba ya barci, yana magana shi kaɗai ko yana zargin kowa, kada ku fara da bulala. Ku kira iyayensa, ku ba su shawara su kai shi asibiti da wuri. Tun 1952 aka sami magungunan da ke kwantar da ciwon, wanda aka fara yi wa magani da wuri kuwa ya fi samun sauƙi. A nan ƙasarmu ma, a 1954, Likita Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abekuta, kowa tare da wani danginsa, suna zuwa karɓar magani da rana, maimakon a kulle su.

In kuma a ajinku akwai yaron da uwarsa ko ubansa ke fama da wannan lalura, kada ku bari a riƙa kiransa ɗan mahaukaciya a filin wasa. Cikin irinsa 100, 87 lafiya za su tashi. Ku hana yaranku bin marar lafiya a titi da tsokana da jifa, ku yi musu faɗan wiwi tun icce na ɗanye. Ƙwayoyin gadon yaro ba a hannunku su ke ba, amma yadda zai wuni a makaranta kullum a hannunku ya ke.

Ɗalibin nan zai tafi gida hutun nan da mujallar a jakarsa. Na ce masa kada ya je ya tsaya gaban mahaifinsa yana karanto lambobi kamar mai jayayya a aji. Ya nemi wani baffansa da Baba ke jin maganarsa, ya karanta masa a natse, shi kuma ya san yadda zai shigar da zancen. Hukunci dai na manya ne. Wanda ke da wata tambaya a kan wannan, ƙofar ofishina a buɗe ta ke bayan la'asar.